Sai Kin Cike da Hannunki

"Da hannunki za ki cike," in ji sakataren makaranta, ya turo wa wata ɗaliba takardar neman na'urar da ke rubuta abin da ɗalibi ya faɗa.

"Malam, ai hannun ne matsalar."

"To 'yata, ni na kafa dokar?"

Jarrabawa saura kwana uku. Ta zauna kan benci, ta danne hannun dama da na hagu, biro na karkarwa har yana huda takardar. Layi shida suka ci mata awa biyu. Ga na'urar can cikin kabad, ko ledarta ba a cire ba.

Ana gobe jarrabawa takardar ta dawo da jan biro: "Ba a amince ba. Rubutun ba ya karantuwa."