Mijinta Take Kira

Shekarar da kuɗin fetur suka kawo mana kwalta Lajawa, katafila ta tuge tsamiyar bakin gonarmu. A kogonta wasu ƙananan mujiyoyi biyu suke wuni, launinsu sak ɓawon itacen, sai duhu ya yi su fito kamun fara da ɓeraye.

Ranar da aka tuge ta, bayan la'asar na kai wa Baba fura gona. Na tarar da shi a tsugune, ɗaya daga cikin mujiyoyin a tafin hannunsa, ba rai. Ɗayar tana kan ɗorawa tana ta kuka, rana ba ta ko faɗi ba.

Na ɗauki hoge zan jefe ta. "Baba, Inna ta ce mutuwa take kira."

Ya riƙe hannuna. "Ajiye, 'yar nan. Ba mutuwa take kira ba, mijinta take kira. Su ba sa rabuwa."

Ya haƙa rami da fartanya ya binne shi.

Shekaru sun shuɗe. Bara na gama takabar mijina. Jiya na zuba tuwo, na ɗaga murya na ce, "Malam, ga abinci." Shirun da ya amsa mini, a kan ɗorawar nan na fara jin irinsa, ranar da mujiya ta yi ta kira ba amsa.