Taya da Igiya

Sojan da ya yi sallama ya gama gaisuwa, sai ya tsaya yana murza hularsa. Matar gidan ta dafe ƙyauren falo. Tun da aka yi wa ayarin motocin mijinta kwanton ɓauna, ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Surukinta, tsohon soja mai raunin gani, ya shafa tambarin da ke kafaɗar baƙon.

"Taya da igiya. Rundunar kai kaya, irin ta ɗana. Ka san asalin igiyar nan, samari?"

"Baba, bar shi ya faɗi abin da ke tafe da shi," in ji matar.

Tsohon ya yi kamar bai ji ba, don amsar yake tsoro.

"Da can taya ce kaɗai. Wata shekara mota ta mace mana ana ruwan harsashi, cike da masu rauni. Muka ɗaura mata igiya, muka ja ta da ƙirji har sansani. Shi ne aka ƙara ta a tambarin. Ba ma barin namu a baya, ko da rai ko..."

Yatsunsa suka tsaya cak a kan zaren.

"To, faɗi. Wanne kuka kawo mini?"

Sojan ya durƙusa.

"Yana mota a waje, Baba. Shi ya ce in riga shi shigowa in roƙe ku abu ɗaya. In an shigo da shi, ku fara duban fuskarsa kafin ku nemi ƙafafunsa."