Kwaɗayin Don Eusebio

Marbely ta kama ubanta a bayan shagon Doña Leonor, cuku a hannun dama, kwalbar baƙin lemo a hagu, ya runtse ido yana tura loma.

"Baba! Ba likita ta hana ka ba?"

"Ɗanɗanawa nake," in ji Don Eusebio, baki cike.

Ɗanɗanawa dai! Duk garinmu Chichigalpa mun san wannan ɗanɗanon. Tsohon ya ƙarar da ƙarfinsa a saran rake, rana da ƙishirwa suka cinye masa ƙoda kamar yadda suka yi wa rabin mazan unguwarmu, har da mijin Marbely da muka binne tana goyo. Amma shi ya taki sa'a. An gwada jinin 'yarsa ya dace da nasa, ta ce za ta ba shi ƙoda ɗaya. Layin dashen ƙoda a Managua, babban birninmu, dogo ne, don haka kafin ya zo kansu sai ya ci gaba da zuwa wankin ƙoda.

Likita ta zaunar da su ta yi bayani. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da sinadarin fosfet da ke cikin abinci. In ya taru a jini sai ya manne a bangon jijiyoyi, su ƙandare kamar tsohon bututun ruwa. Tsufa na ƙara abin, daɗewa a kan injin wanki ma haka. Kuma jijiyar da ta zama dutse ba a iya ɗinka mata sabuwar ƙoda.

"Likita, sake faɗa min abubuwan da ke kawo shi," in ji tsohon.

Ta ce cuku, baƙin lemo, naman gwangwani, taba, da tsallake ƙwayar da ake haɗiya tare da abinci. Ya sa ta maimaita. Har ta yaba masa, wai rabonta da majinyaci mai natsuwa irinsa an daɗe.

To, mun ga natsuwa. Marbely na fita gonar rake shukar iri, ta dawo a gajiye ta dafa masa shinkafa ba gishiri, shi kuwa ya riga ya cika ciki a waje. Ƙwayoyin ta tsince su a ƙasan tukunyar fure. Tabar da ya bari tun kafin a haife ta, ya koma mata yana tari. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta kai ƙararsa wurin fadan coci. Mu ma mun yi masa tatas, muka ce tsoho ba kunya, an miƙo masa rai a faranti yana musanyawa da cuku. Sai ya sunkuyar da kai ya ce kwaɗayi ne, a yi masa addu'a.

Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Da layi ya zo aka ɗauki hoton jijiyoyinsa. Likita ta daɗe tana kallo. Daga ƙugu zuwa cinya jijiyoyin sun ƙandare, fari fat, ba inda allura za ta shiga.

"Ba zai yiwu ba, Don Eusebio," ta ce. "Wankin nan za ka ci gaba da yi, iya abin da ya rage."

A motar dawowa Marbely ba ta ko kalle shi ba. Suna sauka ta shige gida ta bugo ƙofa, ana jin kukanta har titi. Mun tausaya mata matuƙa, shi kuwa haushinsa kowa ke ji. Bai shiga lallashi ba. Ya ja ƙafa, sai shagon Doña Leonor.

"Ka ji daɗi ko, tsohon banza?" ta ce, tana yanko cuku a fusace. "Ungo, ƙarasa kanka."

Ya ture shi da bayan hannu, ya zauna a benci ya saki dogon numfashi.

"Kawar min da abin nan, Leonor. Tun ina yaro warinsa ke tayar min da zuciya. A garin da ƙoda biyu ba ta isar mutum, ni ne zan bar 'yata ta koma gonar rake da guda ɗaya?"