Jarirai Goma Sha Ɗaya

"Yalla, maza danna mana," in ji manajan, yana tsaye a kan injiniyansa. "Masu hannun jari sun gaji da jira."

Wata uku injiniyan ya yi a kamfanin nan na unguwar Ma'adi yana gyaran tsohuwar manhajar da ƙungiyoyin agaji ke rabon abinci da ita. Lamba biyun ƙarshe na shekara kawai take riƙewa, don haka wanda aka haifa a 1924 jariri ne a wurinta, duk wata yana da madara. Ya kuma san ɗaya dokarta: duk wanda ya cika ɗari, matacce ne.

Ranar Talata, ƙarfe goma da minti bakwai, ya danna maɓallin gyaran. A kan allo jarirai goma sha ɗaya suka tsufa cikin ƙiftawar ido, sannan sunayensu suka dushe. Kafin la'asar hannun jarin kamfanin ya tashi, har da ɗan kason da shi ma ya mallaka.

Ranar rabo ya tarar da wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Bahaushiyar Sudan, zaune a matakala, ta rungume gwangwanin madara wayam.

"Ɗana, kai ka san kwamfuta," ta ce a hankali. "Wai na mutu ranar Talata. Duba mini, da ƙarfe nawa ne?"