Ramin da Ya Haƙa

Tuta sojoji suka kawo mana, a ninke tsaf kamar daga wajen mai guga. Hafsan ya cire hula, ya ce wa Mama ƙanena ya mutu jarumi, sai dai ruwan Neja Delta bai dawo da gawar ba.

Jarumi fa. Yaron da ko kazar Kirsimeti ba ya iya yankawa.

Bara da ya gama horon kurata a barikin Sabon Gari, ya zo gidanmu a Samaru da kai ƙwal, wuya duk ya zuƙe, yana ba mu labari yana dariya. Wai kafin a kira ka soja, sai manyanka sun sa ka haƙa rami daidai tsawonka a bayan bariki. Ka kwanta ciki, su watsa maka ƙasa, su yi maka waƙar jana'iza, sannan su jawo ka waje. Farar hula ya mutu, soja ya tashi. Mama ta ce ya rufe mata baki, ana cin abinci.

Hafsan ya shiga bayanin irin karramawar da za a yi masa. Za a busa bigila, a harba bindiga sama, a sauke akwati. Babu kowa a ciki, amma katakon mai kyau ne.

Mama ta ajiye tutar, ta ɗaura kallabi, ta zura takalmi.

"Yallaɓai, ku riƙe akwatinku. Ku kai ni Sabon Gari in ga ramin da ya haƙa. A can dai kun iya fito da shi."