Askin da Ba a Yi Ba

"Baba Nicanor, ka bar shi ya runtsa mana. Dubi yadda idanunsa suka yi ja," in ji Maritza.

"Likitar ɓeraye ta fara," in ji tsohon wanzamin, yana tura wa ɗansa Edilberto wani kofin gahawa. "In ya ci jarrabawa ya yi barcin shekara."

A garinsu Huancayo, duk saurayin da ya samu shiga jami'a ana yi masa aski ƙwal a gaban dangi. Nicanor ya aske 'ya'yan maƙwabta da yawa, bai taɓa aske nasa ba. Tun da aka sa ranar jarrabawa ya wasa askarsa ya ajiye, ya kuma hana yaron kwanciya.

Maritza, budurwar Edilberto, ƙwaƙwalwar ɓeraye take nazari a jami'a. Zuciyarta ta ƙi zama wuri ɗaya.

"Baba, in mutum ya karanta abu, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa ne ke motsawa. Motsin ya tashi ƙwayoyin gadon halitta da ke cikinsu, su ƙera abin da zai ɗaure sabon ilimin. Aikin yana cin lokaci, barci kuma yana ƙarasa shi."

"Ni da ido biyu na koyi aski, 'yata."

Edilberto ya yi mata murmushin gajiya. "Bar shi, Mari. Saura kaɗan."

Ranar jarrabawa Maritza ta kasa zama, sai kai da kawowa take a bakin ƙofar ɗakin jarrabawar. Da Edilberto ya fito, ko kallonta bai iya yi ba.

"Na san na karanta abin da aka tambaya, Mari. Har launin shafin ina gani, amma babu komai a kai."

Sakamako ya fito babu sunansa. Shekara guda ta tafi a banza. Dangin da aka gayyato bikin askin suka ci gasasshen nama, suka watse. Nicanor ya tsaya yana kallon gashin ɗansa, baƙi, mai yawa, har ya rufe kunne.

Ya ku iyaye, ilimi ba ya zama a kan da aka hana hutu. Karatu kaɗan-kaɗan da isasshen barci shi ke tsayawa.

Nicanor ya naɗe askar ya miƙa wa Maritza.

"Riƙe min sai baɗi. Daga yau, da ya ci abincin dare zai kwanta, ni da kaina zan kashe fitila."