Ɓarawon Buhunan Jibo

Ran da Jibo ya ɗaga tarin buhunansa ya ji ba nauyi, har masu jan ruwa a rijiya sai da suka ji muryarsa.

Jibo manomin aya ne a wani ƙauye gabas da Cadawa, kuma mutum ne da bai iya yar da abu ba. Buhun taki, na shinkafa, har wanda ɓera ya gama da shi, duk ninkewa yake ya jibge a zaure, kowanne da alamarsa: zane uku na shuɗin fenti. Ga tonon aya ya matso, ga tari yana ramewa mako-mako.

"Malam, yagaggu ne fa," in ji matarsa Asama'u, ƙafarta na kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ko tsumma ne, ai kayana ne! Wallahi in na kama mutum, sai gaban jandarma."

Zarginsa ya faɗa kan Mudi, amininsa tun suna kiwon awaki, don shi kaɗai ke yini a zauren. Gaisuwa ta mutu. Shekara arba'in suna sa hannu a kwano ɗaya, yanzu kowa da tabarmarsa. Abin ya ci Jibo a rai ƙwarai. Ga shi kwanan nan miyar gidansa ta fara zuwa da nama, amma ba wanda zai ce wa bisimilla.

Ran kasuwa ya ɗaura jan bijiminsa mai karyayyen ƙaho a amalanke. Ya tarar da Mudi a hanya yana tafe da ƙafa, ya kau da kai ya wuce. A Cadawa ya sauke ƙunshin da Asama'u ke aika wa yayarta kowane mako, ya ɗaure bijimi a inuwa, ya shiga neman igiya.

A layin 'yan koli ya ci karo da cunkoso. Mata ne da 'yan lakol, yaran makaranta, ana ta wawason wasu jakunkuna na ratayawa, an yi musu baki da ƙyallen atamfa, ɗinki kamar na inji. Su ne na farkon jakunkunan nan da yau ake aikowa saye har daga Gidan Rumji. Jibo ya ɗauki guda, ya ce bari ya saya wa Asama'u ta sha mamaki. Yana juya ta, sai ga shuɗin zane uku.

Kai, zo ka ga gudu! Ya zagaye kasuwa ya samo Mudi wajen masu goro, ya jawo shi da hannun riga har gaban mai rumfar, wani saurayi Rashidu.

"Dube shi da kyau. Shi ke kawo maka?"

"Wannan dattijon? Ban taɓa ganinsa ba, Baba."

Jibo ya saki rigar. Kunya ta rufe shi, amma wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Sai dai fushin bai sami wurin sauka ba.

"To wane ɗan banza ne? Yau a hannun jandarma zai kwana, kowa ya shaida!"

"Ni a gidan wata mata nake karɓa," in ji Rashidu. "Mai kawowa ban san fuskarsa ba, kullum keyarsa nake hangowa, amma na san abin hawansa." Ya yi ɗage, ya miƙa hannu. "Yauwa! Ga amalankensa can gindin bishiyar bedi, da jan bijimi mai karyayyen ƙaho."

Jama'a duka suka juya. Mudi ya dubi bijimin, ya gyara wuyan rigarsa a tsanake, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"To, Jibo," ya ce, "kai za ka kai kanka wurin jandarman, ko in raka ka?"